Daƙiƙa Goma Sha Biyu

Shekara ashirin da shida ina jan waken suya
daga Sinop zuwa bakin kogin Tapajós,
jar ƙasa a farce, jar ƙasa a wuyan riga.
Ɗakina ke nan: taku biyu a tsaye, ɗaya a kwance,
katifa bayan kujera, goran gahawa,
hoton Neide maƙale a madubi
tun kafin asibiti ya cinye mata gashi.

A watan Maris suka kawo baƙon.
Wani yaro mai tsabtar hannu ya ɗaure shi da kusa huɗu
saman sitiyari, bai fi ƙwan kaza ba.
Ya ce, Seu Dorival, don lafiyarka ne.
Na ce, to me ya sa ya ba titi baya
ya zuba wa fuskata ido?

Tun ranar nake hamma da baki a rufe.
Na daina waƙa. Na daina zagin rediyo
in an ci ƙungiyarmu.
Kwalbar da kowane direba ya san aikinta
na koyi riƙe ta ƙasa da gwiwa, kamar ɓarawo.
An ce, ido wa ka raina? Wanda kake gani kullum.
Wannan bai raina ni ba, bai ga girmana ba,
ƙirga ni kawai yake yi.

Na taɓa sa masa safa.
Kafin in kai gidan mai waya ta yi ƙara.
Ƙarshen wata kuɗin safar nan
ya fi na takalmi.

Ba zan ci haƙƙinsa ba.
Wani dare cikin ruwa, bayan Guarantã,
barci ya shigo yadda ya saba, ba sallama,
tan hamsin na tura ni bakin gada.
Shi ya kurma ihu. Shi ya dawo da ni.
Na tsaya a gefe gwiwoyina na kaɗawa,
na rasa ko in gode masa ko in tofa masa yawu.

Amma tara ga Yuli fa?
Shekara guda cif da binne Neide.
Rediyo ya sako abin da take bi in tana wanke-wanke,
titi a miƙe, ba kowa, gonaki iya ganinka.
Fuskata ta yi abin da ta ga dama.
A da, da ya tsaya tsakanina da gilashi.

Daƙiƙa goma sha biyu ya yanka
ya aika Curitiba, garin da ban taɓa kwana ba,
da rubutu a ƙasa: alamar gajiya, ido a lumshe.

Da yamma wata murya ta kira, ba ta kai ta 'yata ba.
Ta ce sunanta Tainá.
Ta ce ƙa'ida ce ta tambaya ko na sami barci.
Na ce na samu.
Shiru ya ratsa kilomita dubu biyu da wani abu.
Ina jiyo wasu a bayanta,
kowa da nasa direban a allo.
Ta ce, gurbi uku ne a gabana:
gajiya, waya, shagala.
Babu na huɗu.
Na ce, zaɓi mai araha, yarinya.

Ban san wanda ta zaɓa ba. Ba a yanke mini ko sisi ba.
Sai dai a wani ɗaki, cikin wata na'ura mai sanyi,
akwai tsoho yana kuka da bel a ƙirji,
ana iya mayar da shi baya a sake kunnawa.
Neide kanta sau biyu ta ga haka
cikin shekara talatin.

Yanzu in na shiga layi a Miritituba,
tirela ɗari huɗu a gabana, sauro na bikinsa,
nakan ja labule in juya wa sitiyari baya.
Sun ce in an kashe inji shi ma ya yi barci.
Haka suka ce.
Hoton dai na cire shi daga madubi,
yana aljihun riga, fuska a ciki.